Naira Tara da Damina Uku

Fadan Kaje,
8 ga Janairu, 2024

Zuwa ga 'yata Yemima,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya Abuja, yaya aiki? Mu nan lafiya, sai gwiwata ta hagu da ba ta son safiya. Matata, mamanki Martina, tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko a Abuja doka aka kafa ta hana mutane zuwa gida Kirsimeti.

Kin san ni da waya ba ma shiri. Shekarun da na yi kusa da kan jirgi a reluwen Kafanchan sun sa kunnena ya riga ni tafiya fansho. In kin kira, "eh, eh" kawai zan yi ta ce miki, ko da gidana kika ce in kyautar. Shi ya sa na ba Boaz direba wannan takarda, tunda kullum yana kan hanyar garinku. Kakarki da uwata ubansu ɗaya, don haka ba ki da hanyar ƙin karantawa.

Kin ji abin da ya sami citta bara. Ganye ya yi rawaya a watan Agusta, aka tona ƙasa, sai ruɓa da wari. Manyan maza sun zauna a gona suna kuka kamar an yi rasuwa. Amma ƙaramar gonata ta bayan dutse, wadda kowa ke yi mini dariyar nisanta, ciwon bai hau can ba. Buhu goma sha biyu na iri na samu, tafin giwa, irin da uwata ta bar mini. Yana ƙarƙashin mangwaro, mun lulluɓe shi da ganye, yana jiran ruwan Afrilu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lokacin da aka biya mu giratuti na sayi hannun jari guda dubu ashirin a wani kamfani mai yin buhu, don na ce duk yadda duniya ta lalace sai an zuba wani abu a buhu. Satifiket ɗin yana ƙasan akwatina tun lokacin. Yanzu wani Derrick, wakilin dillalan hannun jari a Kafanchan, ya ce a kasuwa naira huɗu ne guda, in ina so ya sayar a madadina. An ce ke aikinki ke nan, ki zauna a ofis mai sanyi kina auna irin waɗannan abubuwa. To, auna mini. Naira huɗun nan kuɗinsa ne, ko sayen kaka ake so a yi mini, a karɓe a araha?

Naki,
Kawu Azariya


Abuja,
20 ga Janairu, 2024

Kawu,

Na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Ka riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi, ka daina hawa dutsen nan kullum kamar saurayi. Ka ce wa Mama Martina ba doka ba ce, oga ne. Ofishinmu ne ya biya mini kuɗin jarrabawar da nake yi, sai na sa hannu ba zan ɗauki hutu ko in bar aiki ba har in gama. Daga ɗakina na Mararaba zuwa ofis, daga ofis zuwa ɗaki, iyakar Abujar da na sani ke nan.

Na ji daɗin aikin da ka ba ni, don shi ne karo na farko da wani daga gida ya tambaye ni abin da na iya, ba kuɗin mota ba. Na ɗauko lissafin kamfanin na shekaru biyar na duba.

Farashi daban, daraja daban, Kawu. Farashi shi ne abin da mutane suka yarda su biya yau. Daraja kuwa ita ce abin da hannun jarin zai riƙa kawo maka shekara bayan shekara. Kamfanin nan yana raba riba. Bana ina sa ran kobo casa'in a kan kowane guda, kuma rabon yana ƙaruwa da kamar kashi goma cikin ɗari duk shekara. Sai dai kuɗin da aka ce za a ba ka baɗi bai kai wanda ke aljihunka ba, don akwai jira, akwai kuma kasada. Saboda haka muna rage masa daraja. Ni a lissafina, duk wanda zai sa kuɗi a irin wannan kamfani ya kamata ya nemi kashi ashirin a shekara. Ƙaruwar rabon ta ba shi goma, saura goma da rabon kansa zai cike. Kobo casa'in kuwa shi ne kashi goma na naira tara. Ka ga ke nan darajarsa ta gaskiya wajen naira tara ce.

Wanda ya saya a naira huɗu, in ka haɗa masa rabon riba da ƙaruwa, yana iya sa ran abin da ya kai kashi talatin a shekara. Kimantawa ce, amma na yi ta da kyau, har abokin aikina ya sake bi bai sami kuskure ba.

Amsarka ita ce e, sayen kaka ake so a yi maka. Kada ka sayar. Mutane sun tsorata da tsadar dala ne suke zubar da shi, da sannu kasuwa za ta farga.

Taka,
Yemima


Fadan Kaje,
5 ga Fabrairu, 2024

'Yata Yemima,

Salama a gare ki. Gwiwa ta yi sauƙi, ba don ruwan zafinki ba, don murna. Takardarki na karanta ta sau uku, na kuma karanta wa dattawa biyu bayan sujada. Kashi-kashin nan naki ya ɗan juya mini kai, amma gindin maganar na kama shi: kayan naira tara ake sayarwa naira huɗu.

To ai wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun ina yaro na san duk abin da aka saya a farashin kaka, kafin shuka sai ya tashi. Da haka 'yan kasuwa suka gina benaye a kanmu. A Disamba su kwashe citta a araha lokacin da muke neman kuɗin makaranta da na Kirsimeti, su kulle a sito, a Afrilu su sayar mana da ita ninki biyu. Shekara da shekaru ni ne wawan da ke sayarwa. Sau ɗaya dai kafin in mutu ina so in zama mai siton.

Kin tuna Uzoma, ɗan marigayi abokina na reluwe, mai shago kusa da kasuwar Kafanchan? A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ya ɗauki hayar gona babba, yana neman iri mai lafiya ido rufe, ya yi mini tayin dubu ɗari kowane buhu. Ga dabarata: in ba shi sha biyun, in kai wa Derrick kuɗin ya saya mini hannun jarin a naira huɗu. Kafin Ista ya hau tara, in sayar, in sayi iri buhu ashirin da wani abu, in shuka gonar dutse da ta fadama duka.

Mamanki ta tayar mini da hankali. Ta tsaya a gaban mangwaro, hannu a ƙugu, ta ce, "Baba, iri ba a sayar da shi. Wannan takarda naka, in ruwa ya sauka zai tsiro ne?" Na ce mata 'yarmu mai digiri biyu ta auna abin. Ta ce, "Yarinyan ya taɓa shuka citta?" Kin ji irin matan da muke aure.

Uzoma ya ba ni zuwa ƙarshen mako mai zuwa. In akwai gyara ki ba Boaz. In ya dawo hannu biyu, na san kin yarda.

Kawunki mai shirin zama attajiri,
Azariya


Abuja,
8 ga Fabrairu, 2024

Kawu,

Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa, a tasha nake rubutu a kan gwiwata, Boaz yana lodi. Na yi ta kiran wayar Mama Martina, ba ta shiga.

Don Allah, don girman Allah, kada ka sayar da irin nan. Hannun jari ba ya da kaka, ba ya da bazara. Citta tana tashi a Afrilu don dole kowa ya shuka a Afrilu. Babu ranar da ta zama dole wani ya sayi hannun jarin kamfanin buhu. Naira taran da na faɗa maka daraja ce a takarda. Kasuwa tana iya kai wa can a shekara uku, ko biyar, tana iya ƙin kaiwa sam. Da na ce kada ka sayar, wanda ke akwatinka nake nufi, wanda ba ka bukatar kuɗinsa. Ba a sa kuɗin da ake jira a wata biyu a irin wannan wuri.

Mama Martina tana da gaskiya. Ka bar irin a ƙarƙashin mangwaro.

Yemima


Fadan Kaje,
12 ga Maris, 2024

Yemima 'yata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Muna lafiya, in dai lafiyar jiki ce.

Takardarki ta takwas ga Fabrairu jiya ta shigo hannuna, da tabon baƙin mai a jikinta. Injin Boaz ya buga a Kagarko a ranar da kika ba shi. Ya bar motar wurin makaniki ya hau wata ya dawo, takardar tana maƙale a bayan abin tare rana. Na tare shi a tasha na ce, "Boaz, akwai saƙo?" Ya shafa aljihu ya ce, "Baba, no leta." Na sake tambayarsa bayan kwana biyu, ya sake shafa aljihu. Sai na ce shiru ɗin Yemima amsa ce. Ke ma na san da kika ji ni shiru kin ɗauka na ji maganarki. Wayar mamanki kuwa tun Janairu take wurin mai gyara.

An riga an yi. Uzoma ya zo da a-kori-kura ya kwashe sha biyun. Mamanki ta ɗauki tsintsiya ta share gindin mangwaron tas, ta shiga ɗaki. Tun ranar tana ba ni tuwo a kan lokaci, tana amsa gaisuwa, shi ke nan. Na fi son zaginta.

Derrick ya saya mini hannun jarin guda dubu ɗari uku. Babu ma satifiket yanzu, saƙo ne kawai a wayarsa ya nuna mini. Duk ranar kasuwa ina hawa mota in je Kafanchan in tambaye shi nawa ya kai. Huɗu da kobo goma. Huɗu da kobo ashirin. Makon jiya ya koma uku da kobo casa'in. Har ya fara ɓuya in ya hango hulata.

Na karanta takardarki, na ji abin da kika ce. Amma ina tambaya: ke kika ce kin auna da kyau, har wani ya bi bayanki. In kaya na tara ne, yaya za a yi mutanen Legas masu wayo su yi ta wuce shi har Ista ba su gani ba? Saura kusan mako uku. Iri ya fara tsada a nan, ana cewa dubu ɗari da tamanin. In na sayar yanzu, rabin abin da na bayar ma da ƙyar zan mayar. In na jira, ban san me nake jira ba. Ki gaya mini wanne zan yi, kuma wannan karon ki ba Boaz a hannu ki ga ya sa a aljihu.

Kawunki,
Azariya


Abuja,
16 ga Maris, 2024

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama Martina, in za ta amsa gaisuwata.

Da takardarka ta same ni kwana uku da suka wuce, da na ce maka ka sayar a ranar, ko nawa ne, ka sayi buhu shida ka shuka. Rabin gona ya fi babu. Amma ranar Alhamis hukumar kasuwa ta dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin nan, saboda bai kawo lissafinsa a kan lokaci ba. Ma'anarsa, ba mai saye, ba mai sayarwa, har sai ya kawo. Yana iya ɗaukar wata biyu, yana iya kai wa ƙarshen shekara. Rabon ribar ma ba za a yi ba sai an kawo lissafin an yi taron masu jari.

Kamfanin bai mutu ba. Injinansa suna aiki, ana sayen buhu. Na sake lissafin daga farko, na tsananta masa, ya ba ni bakwai da rabi zuwa tara. Kuɗinka yana nan, Kawu, sai dai yana cikin ɗakin da aka kulle, makullin kuma ba ya hannun kowa da na sani. Na tambayi ogana ko akwai mai saye a bayan fage. Ya ce akwai, a naira ɗaya da rabi, kuma takardun kaɗai sai sun ci wata biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, jiya na ɗauki irin cittarka na auna shi da ma'aunin da na auna kamfanin. Buhu ɗaya a ƙasa, cikin wata takwas ya ba da shida. Ko an cire taki da ƙwadago da kasadar ciwon nan, babu wani kamfani a kasuwarmu da ya kama ƙafarsa. Abu mafi daraja da na taɓa aunawa, a Janairu yana ƙarƙashin mangwaronka, ka ma rubuta mini shi a takardarka ta farko, ni kuwa idona yana kan kobo casa'in.

Na saka dubu arba'in a cikin ambulan ɗin nan, iyakar abin da ya rage bayan haya. Na nemi kwana uku in zo, an nuna mini takardar da na sa wa hannu. Zan ga Boaz ya sa wannan a aljihun gaba, in tsaya har motar ta tashi.

Taka,
Yemima


Fadan Kaje,
6 ga Mayu, 2024

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan wanda ya tashi daga matattu. Ki yi haƙuri da daɗewar amsa. Ba Boaz ba ne wannan karon, ni ne ban sami abin rubutawa ba. Kuɗinki ya iso, Allah ya sāka miki. Mun sayi taki da shi.

Ista ta zo ta wuce, na daina zuwa wurin Derrick. Ruwa ya sauka sosai a tsakiyar Afrilu. Iri ya kai dubu ɗari biyu da hamsin, shi ma ba ka san ko mai ciwo ba ne. Na je wurin Uzoma in roƙi buhu ɗaya, in biya da biyu a kaka. Yaron kirki ne, ya ba ni kujera, ya saya mini lemo, ya ce, "Papa, da ka zo wancan sati. Mun fasa duka, yana ƙasa." Ya ɗauke ni a mashin ya nuna mini gonar. Tafin giwar uwata ce layi-layi, an lulluɓe ta da ciyawa yadda ya kamata. Na ce masa ya yi aiki mai kyau, don gaskiya ya yi.

Gonata na share ta, na yi kaftu, kamar mai abin shukawa. Mutane suna wucewa suna cewa, "Baba, yaushe za a sa?" Ina cewa an kusa. Dattawan nan biyu da na karanta wa takardarki ba su taɓa tayar da zancen ba, wannan ma wani nauyi ne.

Ranar Laraba da safe mamanki ta ɗauki kwano da ƙaramar fartanya ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Tashi mu je bayan dutse." Maganar farko ke nan da ta yi mini wadda ba gaisuwa ba. Kin san komai ƙwarewar mai tono, sai ƙananan yatsun citta sun ɓuya a ƙasa, in ruwa ya sauka su tsiro da kansu. Gyauro ke nan. Da can awaki muke bar wa, ko mu nome shi tare da ciyawa. Haka muka bi tsohuwar gonar da rarrafe, ni da gwiwar nan tawa, duk inda muka ga ɗan kore kamar allura mu tona a hankali. Kwana uku muna yi. Abin da muka tara ya cika daro ɗaya, wato kamar kwatan buhu.

Mun shuka shi a kusurwar gonar, wurin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Sauran filin za mu zuba masara don kada a ce mun bar shi. Da muka gama ta dube ni ta ce, "Wannan in ka sayar, ni da kai sai a sama." Na ce na ji.

Yanzu ga wani awon. Daro ɗaya, in ba mu ci ba, ba mu sayar ba, muna mayar da duk abin da ya fito cikin ƙasa, yaushe zai koma buhu sha biyu? Kuma kin ce kuɗin baɗi bai kai na yau ba, ana rage masa daraja saboda jira. Ni a watan Yuli zan cika saba'in da huɗu. A ofishinku kashi nawa ake ragewa in mai jiran ya kai haka?

Kawunki,
Azariya


Abuja,
11 ga Mayu, 2024

Kawu,

Na gode wa Allah da ruwa, na gode masa da Mama Martina. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata har yanzu ban taɓa shuka citta ba, amma ina so ta koya mini. Game da kamfanin, ba labari. Ranar da aka buɗe zan rubuto, ba sai ka je Kafanchan ba.

Na yi lissafin. Buhu sha biyu daro arba'in da takwas ne. Daro ɗaya bana zai ba da shida. Shida baɗi su ba da talatin da shida. A damina ta uku za ka wuce inda kake, har ka sami na sayarwa. Wannan in ciwon bai hau dutse ba, in kuma ba a taɓa ko yatsa ɗaya ba.

Tambayarka ta biyu na buɗe littattafan jarrabawata duka, babu ita a ciki. Na zauna da alƙalami na kasa rubuta kowace lamba, sai kuka da na yi a ofis har aka tambaye ni ko rasuwa aka yi.

A Janairu na ba ka naira tara ban ba ka lokaci ba. Yau ga lokacin: Disamba ta 2026. Jarrabawata ta ƙarshe a watan Nuwamba na shekarar take, daga nan takardar da na sa wa hannu ta daina aiki. Zan zo tono. Ka gasa gwiwar nan, ka bar Mama ta riƙa hawa dutsen wata rana, ka sha maganinka. Ka jira ni a gindin mangwaro, Kawu, ni zan riƙe bakin buhu kana zubawa.

Taka,
Yemima